CIWO BIYU A JIKI ƊAYA

    

Yau maganarmu ta ciwo ce. A kasuwa, in mutum ya ce kafaɗa ta riƙe, sai a ce sanyi ne. In ya ce ƙugu, a ce sanyi ne. In ƙafa ce ke zugi, nan ma sanyi ne. Suna ɗaya mu ke ba su duka, magani ɗaya kuma mu ke saya musu. Wannan al'ada ta kusa kashe mini uwa, shi ya sa na ke so ku kasa kunne.

Ni ba likita ba ne. Katikis ne ni, iyakar karatuna firamare ta mishan. Abin da zan gaya muku daga bakin likita na ji shi, da idona kuma na gani, gama a gidanmu ya faru, ga gwaggona, yayar ubana, wadda ta goye ni. Na nemi izninta kafin in faɗa. Ta ce, "Faɗi, ɗana, kada ka rage kome, har da naka laifin." To, har da nawa laifin za ku ji.

Gwaggo mai man gyaɗa ce da ƙuli-ƙuli a kasuwar Maraɗi. Ta ba shekara 60 baya, amma ba ta taɓa sanin kwanciya ba. Ran nan da asuba sai ta kira ni. Na tarar da ita zaune bakin gado, kallabi a cinya. Ta ce, "Ɗana, hannuwana sun ƙi kai wa kaina." Kafaɗu biyu sun sandare, wuya ya riƙe, ƙugu dama da hagu ya yi tauri, sai an kama ta ta ke miƙewa. Abin mamaki, in hantsi ya yi sai jikin ya ɗan saki, ta lallaɓa ta tafi kasuwa. Kashegari da asuba abin ya komo kamar jiya. Ta rame, abinci ya fita ranta, ga kasala. Muka yi wata 2 muna ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, muna cewa sanyi ne.

Da muka kai ta asibiti, likita ya yi ta tambaya, ya sa aka auna jininta sau biyu. Ya ce sai ya tabbata ba wani ciwo ba ne ya ɓuya a baya, gama akwai cututtuka da dama masu kama da wannan. Daga baya ya gaya mana sunan abin: polimiyaljiya rumatika. Sunan yana da tsawo, ma'anarsa kuwa ciwo a tsokoki masu yawa. Wani likita a ƙasar Sikotlan, William Bruce, shi ya fara rubuta labarinsa a 1888, wani kuma a Ingila, Stuart Barber, ya sa masa wannan suna a 1957. Ba ya cika kama wanda bai kai shekara 50 ba, ya fi yawa ga 'yan wajen shekara 70, mata kuma sun fi maza samunsa, kamar ninki biyu. Ya fi yawa can arewacin Turai, irin su Suwidin da Norwe. A cikin baƙar fata bai yi yawa haka ba, amma akwai shi, ga shi kuwa ya shigo gidanmu.

Likita ya ce ba jifa ba ne, ba sammu ba ne, ba a kuwa ɗaukarsa daga wani. Kumburi ne na ciki, a kewayen gaɓoɓin kafaɗa da na ƙugu. Maganinsa ƙwaya ce mai suna firednisolon. Danginta na fari, watau kotizon, an fara ba mai ciwon gaɓoɓi shi a Amurka a 1948. Likitoci su kan fara da awo kaɗan, tsakanin miligiram 12 da rabi zuwa 25 ko wace rana. Gwaggo an fara mata da 15. Jama'a, kafin kwana 3 ta ɗaura kallabinta da kanta. Ta yi ta murna, ta ce wannan ƙwaya ba ta da na biyu.

Amma likita ya ja mana kunne. Ya ce maganin nan ba na mako ɗaya ba ne, a kan sha shi shekara 1 ko 2, wani ma ya fi haka, ana ragewa kaɗan kaɗan. Ya ce akwai waɗansu 'yan halittu biyu a bisa ƙoda, su ke yi wa jiki irin wannan magani tun asali. In mutum ya daɗe yana shan ƙwayar, sai su yi barci, su bar mata aikin. In ya yanke ta farat ɗaya, ba su farka ba tukuna, sai jiki ya rasa na ciki ya rasa na waje, mutum ya yi laushi, ya yi ta amai, har ya kan mutu. Ya ce kuma ƙwayar tana da nata haraji: ta kan ta da sukari, ta hau da jini, ta sa ƙiba, ta rage ƙarfin ƙashi, ta kawo yanar ido, ta sa rauni ya daɗe bai warke ba. Domin haka ba a ƙara ta, ba a rage ta, sai da bakin likita.

Muka ce mun ji. Wata 7 lafiya lau, har an rage mata awo. Sai baƙo na biyu ya zo.

Wata ranar kasuwa ta sunkuya za ta jawo jarkar mai, ta ji wani abu ya tsarge ta a ƙugu. Kashegari ciwo ya tashi daga ɗuwawun hagu, ya bi bayan cinya, ya wuce gwiwa, ya sauka har gefen ƙafa. Ta ce kamar an zura mata waya mai zafi. In ta yi tari ko atishawa, sai ta yi ƙara. In ta zauna bisa 'yar kujerarta, ba ta jimawa. 'Yan yatsun ƙafar kuma kamar kiyashi na yawo a ciki.

Ga inda laifina ya ke. Na ce, "Gwaggo, ai ciwon nan ne ya komo, don an rage miki magani. Ki koma shan uku kamar dā." Ta koma. Kwana 5 ba sauƙi. Sai na tari mai tallar magani, irin masu yawo da shi a tire bisa kai, na gaya masa. Ya ƙulla mini ƙwayoyi a leda, ja da fari da rawaya, ya ce safe da dare. Ban tambayi sunansu ba, shi ma bai tambayi abin da ta ke sha ba. Ciwon ya ɗan lafa, na ji daɗi, na ƙara sayowa. Bayan kwana 12 Gwaggo ta fara kukan ciki. Ran nan ta tashi za ta fita sai jiri ya kwashe ta. Jikarta ce ta raɗa mini cewa kwana 2 ke nan bayan gidanta baƙi ƙirin kamar kwalta, kunya ta hana ta faɗi.

Muka ɗauke ta sai asibiti. Likita ya zazzage ledar a bisa tebur, ya ware su da bakin alƙalami. Ya ce, "Malam, wannan diklofenak ne. Wannan ibufurofen ne. Wannan ƙaramar kuwa deksametazon ce, 'yar'uwar wadda na ke ba ta, ta ma fi ta ƙarfi nesa. Wa ya ba ta?" Na ce, "Ni ne." Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi, da na fi jin sauƙi. Ya ce diklofenak da ibufurofen su kan ci bangon ciki ko su kaɗai, balle ga tsoho, su kan kuma taɓa ƙoda. In aka gama su da firednisolon, hatsarin ya kan ninka. Cikin Gwaggo ya yi gyambo, jini ke zuba, shi ne baƙin da aka gani. Kwananta 6 a kwance, sai da aka ƙara mata jini. Garin neman gira mun kusa rasa ido.

Da ta farfaɗo, likita ya zaunar da mu, ya koya mana abin da na ke so in koya muku. Ya ce, "Inna, ciwo biyu gare ki, ba ɗaya ba. Na biyun sunansa sayatika, ciwon babbar jijiyar ƙafa."

Ga yadda abin ya ke. Ƙashin baya ba sanda ɗaya ba ce, ƙasusuwa ne aka jera bisa juna, 5 daga cikinsu a ƙugu. Tsakanin ko wane biyu akwai wani faifai na guringuntsi mai taushi, aikinsa kamar na gammo tsakanin kai da kaya. Ta gefen waɗannan ƙasusuwa saiwoyin jijiya ke fitowa. Saiwa 5 su ke haɗuwa su zama jijiya ɗaya, wadda ta fi ko wace jijiya a jiki kauri da tsawo, kaurinta ya yi na yatsa. Ta bi ta cikin ɗuwawu, ta bi bayan cinya, ta rabu biyu kusa da gwiwa, rassanta su kai har tafin ƙafa. In gammon nan ya tsage, cikinsa ya bullo ya danne saiwar, sai a ji zafi tun daga sama har ƙasa, ko da shi ke ƙafar kanta ba abin da ya same ta. Wani likitan Italiya, Domenico Cotugno, ya bayyana ciwon a 1764, amma sai a 1934 likitoci biyu a birnin Boston, Mixter da Barr, suka nuna a fili cewa faifan nan ne ya kan jawo shi. Cikin 10, wajen 9 daga nan ne. Ga tsofaffi kuma akwai wata hanya: ramin da jijiyoyi ke bi ya kan tsuke da shekaru. Mai wannan, in ya yi tafiya ko tsayuwa ƙafa ta ɗauki zugi, in ya zauna ko ya ɗan sunkuya sai ya ji sauƙi.

To, yaya mutum zai rarrabe su, tun da shi ke duka biyu a ƙugu su ke sauka? Likita ya ba Gwaggo tambaya 4, ta haddace su kamar lissafin mudu.

Ta ɗaya, gefe nawa? Na farko dama da hagu ya ke kamawa tare, da kafaɗu. Na jijiya galibi ƙafa ɗaya ya ke bi.

Ta biyu, ina ya tsaya? Na farko ya kan tsaya a kafaɗa da damtse, da ƙugu da cinya. Na jijiya ya kan wuce gwiwa, ya kai ƙafa.

Ta uku, wane lokaci? Na farko da asuba ya fi tsanani, ya kan yi minti 45 ko fiye kafin ya saki, motsi kuwa sassauta shi ya ke yi. Na jijiya ba ruwansa da asuba. Dogon zama, da sunkuyo, da tari, da ɗaukar kaya su ke ta da shi.

Ta huɗu, wane irin ciwo? Na farko tauri ne da nauyi. Na jijiya ƙuna ce da suka, da mutuwar fata, da yawon kiyashi. Na farko ba ya kashe fata.

In kun riƙe waɗannan, kun riƙe kan maganata ta yau. Firednisolon maganin na farko ne, ba ta ɗauke abin da ya danne jijiya. Wanda ya ƙara ta domin ciwon ƙafa, harajin kaɗai zai biya, ba zai ga riba ba. Ciwon farko kuma ya kan komo da gaske sa'ad da a ke rage magani, wajen rabin masu shi su kan gamu da haka. In ya komo, likita ne zai auna jini ya gyara awo. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, gaskiya ne, amma sai ya nuna wa mai gyara daidai wurin.

Gwaggo ta ce, "To, likita, na ƙafar fa, mene ne maganinsa?" Ya ce, "Yawancinsa lokaci ne da motsi." Ya ce galibin masu sayatika su kan sami sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 ba tare da an yi musu aiki ba, gama abin da ya bullo ya kan motse da kansa. Dā a kan ce a kwanta a gado, yanzu an gane doguwar kwanciya ƙara lalata mutum ta ke yi, balle mai shan maganin da ke rage ƙarfin ƙashi da tsoka. Ya ba ta farasitamol, ya ce ba zai kashe ciwon ba, ragewa zai yi, kada kuma ta wuce abin da ya rubuta, gama yawansa ya kan ɓata hanta. Ya ba ta maganin kare ciki, da na ƙarfafa ƙashi. Ya hana ta tiramadol na kasuwa, ya ce ya kan sa tsoho jiri ya faɗi ya karye, ya kan kuma kama mutum ya kasa bari. In mako ya yi ta wucewa ba sauƙi, ya ce, akwai hoto, akwai masu koyar da motsa jiki, akwai allura ta musamman, akwai aiki ga wanda ya cancanta.

Yanzu ga alamun da ba a kwana da su a gida. Ku da ke da tsoho ko tsohuwa, ku riƙe su da kyau.

Wajen ƙafa da baya: in fitsari ya ƙi fita, ko fitsari ko bayan gida ya zubo mutum bai sani ba, in tsakanin cinyoyi da mazauni ya mutu, ba a jin taɓawa, in ciwon ya kama ƙafa biyu, in ƙafa ta fara ja da ƙasa, takalmi na zamewa. Wannan jijiyoyi ne aka matse ƙwarai, in aka yi jinkiri ba su komowa. Haka kuma in ciwon baya ya zo da zazzaɓi, da rama, da gumin dare, gama tarin fuka ya kan kama ƙashin baya. In kuma baya ya ɗauki ciwo mai tsanani farat ɗaya ga mai shan firednisolon, a duba, watakila ƙashi ne ya burma.

Wajen kai: ciwon nan na farko yana da wani ɗan'uwa mugu, kumburin jijiyoyin jini na gefen kai. Ya kan sami har 1 cikin 5 na masu shi. Alamunsa sabon ciwon kai a tsakanin ido da kunne, fatar kai ta yi tsami har mataji ba ya taɓuwa, muƙamuƙi ya gaji in ana tauna, gani ya dushe ko abu ɗaya ya zama biyu. Wanda ya ga haka ya rufe rumfa ya tafi asibiti ran nan, ko ranar kasuwa ce. Idon da ya mutu ta wannan hanya ba ya cika tashi, amma in an yi hanzari a kan tsare shi.

Wajen ciki kuwa, kun ji abin da ya sami Gwaggo. Baƙin bayan gida, ko aman jini, ba abin kunya ba ne, abin gudu ne zuwa asibiti.

Saura zaman yau da gobe, gama ciwo ba a asibiti ya ke kwana ba, a gida ya ke kwana, a kasuwa ya ke yini. Ga abin da muka yi.

Da asuba jikarta ta kan ɗora ruwan ɗumi. Gwaggo ta sha maganinta da safe bayan ta sa wani abu a ciki, ta gasa kafaɗu da ƙugu da tsumma mai ɗumi, ta motsa hannuwa tun tana zaune, sa'an nan ta tashi. In za ta sauka daga gado, ta juya gefe tukuna, ta sauke ƙafafu, ta tura da hannu. In za ta kwanta, matashi tsakanin gwiwoyi in a gefe ne, ko ƙarƙashin gwiwoyi in rigingine ne.

A rumfa mun ɗauke 'yar kujerar tsugunno, kafinta ya yi mata mai tsawo mai majingini, ya ɗaga teburin kaya daidai ƙugu. Ba ta wuce rabin sa'a a zaune, sai ta miƙe ta ɗan zaga. Jarka mai lita 25 ba ta ƙara taɓa ta ba, a kan juye mata a ƙananan galan. In abu ya faɗi, gwiwa ta ke lanƙwasawa, ba baya ba. A makewayi mun kafa mata sanda ta kamawa, da kujera mai rami. Ta kan riƙe sandar tafiya a hannun dama, tun da shi ke ƙafar hagu ce mai ciwo. Tafiya kuwa, ta fara daga ƙofar ɗaki zuwa zaure, bayan mako ta kai bakin rijiya, bayan wata ta kai kasuwa da ƙafarta. Sannu ba ta hana zuwa.

Abinci, likita ya ce ta yawaita nono da kindirmo, da ƙananan kifi da a ke ci da ƙayarsu, da zogale da kuka, domin ƙashi. Ta rage gishiri da ɗunƙulen miya da sukari. Ana auna mata jini da sukari a kan kari. Ta kan riƙe wata 'yar takarda a lalitarta, an rubuta sunan maganinta da awonsa, ko wane ma'aikacin lafiya ta je wurinsa sai ta nuna. Masu azumi, ko na Ramadan ko na kwana 40 kafin Ista, ku shawarci likita tun kafin ya kama, ya gaya muku lokacin da za ku riƙa sha, kada ku tsallake.

Abu biyu kuma likita ya roƙe mu. Kada a yi mata tsaga ko ƙaho ko lalas a ƙafar, gama ciwon ba a nan ya ke ba, rauni kuma ba ya saurin warkewa ga mai shan wannan magani. Kada kuma a bar ko wane mai yawo da sirinji ya yi mata allura a ɗuwawu. Babbar jijiyar nan ta nan ta bi, allurar da ta kauce ta same ta ta kan bar mutum da shanyayyar ƙafa.

Jama'a, jijiyar nan tsohuwar sananniya ce. A Littafin Farawa, sura 32, akwai labarin Yakubu, da ya kwana shi kaɗai a mashigin rafin Yabbok, yana tsoron gamuwa da wansa Isuwa. Aka yi ta kokawa da shi har gari ya kusa wayewa, aka taɓa shi a kwatangwalo, ya gurɗe. Tun daga nan Isra'ilawa ba su cin jijiyar wannan wuri a jikin dabba, malamansu kuwa sun ce ita ce wannan babbar jijiya da mu ke magana. Larabawa ma da sunanta su ke kiran ciwon, irƙun nasa. Na karanta wa Gwaggo labarin tana kwance, gama wata maƙwabciya ta ce mata ta binciki kanta, watakila wani alhaki ne ke bin ta. Da na gama sai ta yi shiru, can ta ce, "Ashe a dare ɗaya ya sami albarka da ɗingishi." Na ce haka ne. Ta ce, "Da gari ya waye kuma bai zauna ba, ya tafi ya tari ɗan'uwansa da ɗingishinsa." Ni da na ke koyar da Littafi, ita ta koya mini ran nan. Ciwo ba shaidar fushin Allah ba ne. Haƙuri kuma ba zaman jiran mutuwa ba ne, haƙuri shi ne shan magani a kan ƙa'ida wata da watanni, da tashi a taka ko ƙafa na zugi.

Ku kuma masu jinya, da ku maƙwabtan rumfa, ga taku. Mai irin wannan ciwo ba ya jini, ba ya kumburi a fili. Da rana ku gan shi yana ciniki, ku ce ai lafiyarsa lau, ba ku ga yadda ya tashi da asuba ba. Kada ku ce raki ne. Kada kuma ko wanne ya zo da nasa ƙullin magani, kamar yadda na yi. In kuna so ku taimaka, ku ɗauke masa jarka, ku tsare masa rumfa ranar da zai ga likita, ku raka shi ku ji abin da aka ce, ku taya shi kuɗin mota. Wata mai tallar fura, ba addininmu ɗaya ba, ita ta riƙe wa Gwaggo rumfa kwana 40, ta kawo mata kuɗinta ba dala ɗaya da ta ɓace. Allah ya sāka mata.

Yau Gwaggo tana kasuwa. Ciwon ƙafar ya tafi bayan wata 3, ya bar mata ɗan mutuwar fata a ƙaramin yatsa, in ta yi ganganci kuma ya kan leƙo. Firednisolon saura awo kaɗan, likita na ta ragewa. In na je gaishe ta na ce, "Gwaggo, yaya jiki?" sai ta ce, "Wanne, ɗana? Na safe ko na ƙafa?" Ta san baƙinta, ko wanne da sunansa, ko wanne da abin da a ke ba shi.

To, jama'a, mai ciwo a cikinku, kafin ya kwance lalita gaban mai tire, ya tambayi kansa tambayoyin nan 4, ya kai amsar wurin likita, ya tafi da dukan ƙwayoyin da ya ke sha a nuna. Matambayi ba ya ɓata.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubangiji Allah, kai ka jera ƙasusuwanmu, ka san ko wace jijiya. Ka dubi tsofaffinmu da ke kwana da ciwo. Ka ba su haƙuri, ka ba likitoci basira, ka ba mu masu jinya hankali da tausayi, kada mu cuci waɗanda mu ke ƙauna da rashin sani. Amin.

Sai wani mako, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.